Tsakanin Ƙwayar Cutar Gyambon Ciki Da Alajin Abinci: Wa Ya Jawo Wa?

Hadiza:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman haske a kan wani al'amari da ya dame ni. Shekaruna 34, kuma tun ina ƙarama nake cin kifi ba tare da ya taɓa yi mini komai ba. A bara na yi fama da ƙwannafi da wani raɗaɗi a ƙahon zuciya, musamman idan na yi jinkirin cin abinci, sai na riƙa sayen omeprazole, maganin rage asid ɗin tumbi, ina sha da kaina kusan kullum, har na shafe wajen wata takwas a haka. Daga baya aka yi mini gwajin bayan gida, aka ce ina ɗauke da Helicobacter pylori, wato ƙwayar cutar da take kawo gyambon ciki, aka ba ni magunguna na kwana 14, na kuwa shanye su tsaf. Kimanin mako shida da gamawa na ci kifi, ban yi minti ashirin ba leɓɓana suka fara ƙaiƙayi, borin jini ya feso mini a wuya da damatsa. Na ɗauka dacewa ce kawai. Da na sake ci bayan mako biyu, abin ya fi na farko, domin har leɓena na ƙasa ya kumbura. Shin ƙwayar cutar nan ce ta jawo mini wannan, ko kuwa abubuwa biyu ne da suka haɗu a lokaci guda?

Nura:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Allah Ya ƙara sauƙi. A fahimtata, alaƙar a bayyane take. Wannan ƙwaya tana zama ne a cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da wani sinadari mai suna urease wanda yake samar da ammoniya a kewayenta domin asid kada ya kashe ta, kuma zamanta a wurin yana haddasa kumburin da ba ya lafawa. Ƙwayoyin halittar da suka yi bangon tumbi a manne suke da juna ƙam, amma idan kumburi ya daɗe, mannewar takan yi sako-sako, sai furotin ɗin abinci da bai gama narkewa ba ya samu kafar kutsawa zuwa inda dakarun garkuwar jiki suke. Garkuwar jiki kuma idan ta ci karo da baƙo a wurin da ake cikin tarzoma, sai ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. A ƙarshen shekarun 1990 wasu likitoci a Italiya sun ba da rahoton cewa sun ga ƙwayar, ko nau'inta mai zafi da ake kira CagA, ta fi yawa a cikin masu alajin abinci, wato waɗanda garkuwar jikinsu take yi wa wani abinci bore. Saboda haka ni dai ina ganin ita ce ta buɗe ƙofa, kifi kuma ya shiga.

Malam Kabiru:
Malam Nura, bayanin da ka yi game da bangon tumbi yana da tushe, kuma an nuna irin wannan yoyon a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai ka ɗauko rabin labarin ka bar rabi, kuma rabin da ka bari ya fi nauyi a ma'auni. Binciken Italiya da ka ambata an yi shi ne a kan mutane ƙalilan, waɗanda akasarinsu sun je asibiti ne saboda ciwon ciki, kuma wanda ya je neman masu ciwon ciki ai dole ya tarar da ƙwayar da yawa a cikinsu.

Da aka koma kan jama'a masu yawa, sai aka ga akasin haka. Yu Chen da Martin Blaser na Jami'ar New York sun duba bayanan lafiya na dubban Amurkawa a 2007 da 2008, suka ga cewa waɗanda suke ɗauke da ƙwayar, musamman yara, sun fi ƙarancin kamuwa da asma da atishawar alaji. A 2011 kuma ayarin Anne Müller a Jami'ar Zurik sun sanya wa ɓeraye ƙwayar, suka ga ta kare su daga asma, kuma sun gano hanyar da abin yake bi: ƙwayar tana sa jiki ya yawaita wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne kwantar da hankalin garkuwar jiki, su hana ta tayar da jijiyar wuya a kan abin da ba shi da lahani. Ba don ƙaunar mutum take yin haka ba, don ta samu wurin zama ne na tsawon rai ba tare da an kore ta ba, amma wannan lallashin da take yi wa garkuwar jiki yakan shafi sauran abubuwa ma. A 2017 wannan ayarin dai ya nuna irin wannan kariya a ɓerayen da aka haddasa musu alajin abinci.

Akwai kuma abin da ya kamata mu tuna. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashe masu tasowa. A ƙasashe masu arziki ta yi ta raguwa tun ƙarnin da ya wuce, a daidai lokacin da alaji yake ta ƙaruwa a can. Da a ce ita ce uwar alajin abinci, da taswirar ta juye.

Hajiya Saude:
To, Malam Kabiru, ka jefa ni cikin ruɗani. Idan har tana kare mutum, ke nan kashe ta da aka yi ne ya jawo wa ƙanwata Hadiza wannan matsala? Kuma wanda aka gano yana da ita, ya fi masa ya bar ta ta zauna?

Dakta Aminu:
Hajiya, na ji daɗin da kika yi wannan tambaya, domin ita ce inda mai karanta wannan muhawara zai iya zamewa ya cuci kansa. Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin binciken da Malam Kabiru ya kawo. A gwajin Zurik, ɓerayen da suka fi samun kariya su ne waɗanda aka sanya wa ƙwayar suna jarirai, lokacin da garkuwar jikinsu take koyon bambance aboki da maƙiyi. Waɗanda aka sanya wa bayan sun girma ba su samu irin wannan kariya ba sosai. Wato in ma akwai amfani, an riga an gama cinsa tun ƙuruciya. Mace mai shekara 34 ba ta da wani abin kirki da za ta ƙara samu daga ƙwayar, amma tana da abin da za ta iya rasawa.

Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai har su koma ga Mahaliccinsu. Amma kimanin mutum ɗaya cikin goma yakan samu gyambon ciki ko na farkon hanji, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kuma sukan kamu da sankarar tumbi, abin da ya sa tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin rukunin farko na abubuwan da suke haddasa sankara. Kafin Robin Warren da Barry Marshall su gano ta a birnin Perth na Ostireliya a 1982, likitoci sun yi imani cewa damuwa da yawan asid ne suke kawo gyambo, ana ta yi wa mutane tiyata ana yanke wani sashe na tumbinsu. Sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kwanta ciwo, aka leƙa tumbinsa aka ga kumburi, sannan aka fara saurarensu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Abin da aka sha wannan wahala kafin a tabbatar da sharrinsa, ba za mu ce a bar shi ba saboda sakamakon gwajin ɓera.

Malama Hadiza, kafin mu ci gaba da neman mai laifi, akwai abin da ya fi gaggawa. Kumburin leɓe a karo na biyu gargaɗi ne. Ki dakatar da cin kifi kowane iri har sai likitan alaji ya gan ki, kuma kada ki ce za ki ɗan taɓa ki gani.

Zainab:
Ni mai harhaɗa magunguna ce, kuma tun da na karanta saƙon Yaya Hadiza idona ya tsaya a kan jimla guda wadda kowa ya tsallake: wata takwas tana shan omeprazole kusan kullum. Mun taru muna tuhumar ƙwayar cuta, alhali akwai wani wanda ake zargi yana zaune a gefe ba wanda ya kalle shi.

Asid ɗin tumbi ba don ya wahalar da mu aka halicce shi ba. Shi ne yake tayar da pepsin, sinadarin da yake daddatsa furotin gunduwa-gunduwa. Pepsin yana aiki sosai idan ma'aunin tsamin tumbi yana wajen 2, idan kuwa tsamin ya ragu har ma'aunin ya hau zuwa 5 ko 6, aikinsa ya kusa tsayawa cak, kuma omeprazole da 'yan'uwansa suna iya kai tumbi kusa da wannan matsayi na sa'o'i masu yawa a yini. Furotin ɗin kifi da ya fi tayar da alaji, wanda ake kira parvalbumin, dafuwa ba ta lalata shi, amma tumbi mai cikakken asid yana narkar da shi cikin ɗan lokaci. Idan asid ya yi ƙaranci, sai ya wuce zuwa hanji da siffarsa kusan cikakkiya, garkuwar jiki ta gan shi yadda ba ta saba ganinsa ba.

Eva Untersmayr da Erika Jensen-Jarolim a birnin Biyena na Ostiriya sun daɗe a kan wannan batu. A 2003 sun nuna cewa ɓerayen da aka ba furotin ɗin kifi tare da maganin rage asid sun kamu da alajinsa, waɗanda aka ba furotin ɗin kaɗai kuwa ba su kamu ba. A 2005 suka bi diddigin manya 152 da aka ba irin waɗannan magunguna na wata uku, suka tarar da kimanin kashi 15 cikin 100 sun samar da sabon IgE ga wasu nau'o'in abinci, wato makamin da garkuwar jiki take ƙerawa idan ta ƙullaci wani abu. A Amurka ma, wani bincike na 2018 a kan yara fiye da dubu 790 ya nuna cewa jariran da aka ba maganin rage asid a watanni shida na farkon rayuwarsu sun ninka sauran wajen kamuwa da alajin abinci, kuma waɗanda aka ba magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma an ga ƙarin cututtukan alaji a tare da su. Wannan na biyun ma ya shafe mu, domin maganin kwana 14 da Yaya Hadiza ta sha ba ya zaɓe, yana share ƙwayoyi masu amfani na hanji tare da wadda aka nufa.

Abin da yake ba ni takaici a wurin aiki shi ne yadda ake ɗaukar wannan magani kamar ruwan sha. Mutum zai zo ya karɓi kwali uku, ka tambaye shi yaushe ya fara, ya ce shi ma ya manta.

Nura:
Malama Zainab, na karɓi wannan, kuma ban kawo shi a raina ba. Amma ki duba, me ya sa ta sha maganin tun farko? Ai ƙwayar ce ta haddasa raɗaɗin. Haka kuma ƙwayar da kanta, idan ta daɗe ta mamaye babban sashen tumbi, tana lalata ƙwayoyin da suke fitar da asid, tsami ya ragu ko da mutum bai sha komai ba. Ke nan ta kowace hanya aka bi, a wurinta za a ɓulle.

Zainab:
Wannan gaskiya ne ga wanda ƙwayar ta cinye masa bangon tumbi bayan shekaru masu yawa, kuma an fi ganin haka a cikin dattawa. A wasu mutanen kuwa, idan ta tare a ƙasan tumbi, ƙara asid take yi, shi ya sa suke samun gyambon farkon hanji. Bambancin da nake so a kiyaye yana da amfani a aikace: idan ƙwayar ce, an riga an magance ta, idan kuwa magani ne, to abu ne da mutum yake iya ci gaba da yi wa kansa kowace safiya.

Malam Kabiru:
Tunda Malama Zainab ta nuna mana wanda ya ɓuya, adalci ya sa in faɗi raunin hujjata ni ma. Ana kamuwa da wannan ƙwaya ne akasari a ƙuruciya, daga uwa ko 'yan'uwa, kuma ta fi yaɗuwa inda gida yake da cunkoso, yara da yawa, ruwan sha kuma ba shi da tsafta sosai. To, tun 1989 David Strachan ya duba yara fiye da dubu 17 da aka haifa a Birtaniya a 1958, ya ga cewa yawan yayyen da yaro yake da su yana tafiya da ƙarancin atishawar alaji a tare da shi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba Helicobacter kaɗai ya gamu da ita ba, ya gamu da tsutsar ciki da ɗaruruwan ƙwayoyi iri-iri. Saboda haka mai yiwuwa ne ƙwayar tambari ce kawai na irin tasowar da yaro ya yi, kariyar kuma daga taron ƙwayoyin ta fito. Gwajin ɓeraye ne ya sa nake ganin ita ma tana da hannu. Irin wannan raunin yana kan binciken jariran Amurka ma, domin jaririn da yake yawan tumbuɗi da kuka har aka ba shi maganin asid, wataƙila alajin madara ne yake damunsa tun farko ba a gane ba. Sannan hujjar kariya ta fi ƙarfi a kan asma, a kan alajin abinci a jikin ɗan Adam kuwa sakamakon bincike ya rarrabu.

Bashir:
Ku gafarce ni, malamai, ni ba masani ba ne, amma abin da ya taɓa faruwa da ni ya yi kama da na Malama Hadiza. Na ci kifin tuna a wani gidan abinci, tun a loma ta farko na ji wani yaji-yaji a harshe wanda ba na barkono ba, ban kai ga tashi daga kujera ba fuskata ta yi jawur, kaina ya ɗauki sarawa, zuciyata tana bugawa da sauri. Na shekara biyu ina gaya wa mutane ina da alajin kifi. Daga baya wani likita ya tambaye ni ko akwai wanda muka ci tare, na ce abokina, kuma shi ma ya kwana yana gudawa da ƙaiƙayi. Sai ya yi mini bayani cewa kifi irin su tuna da makarel da sadin, idan ba a sanyaya su da wuri ba, ƙwayoyin cuta sukan samar da histamine a cikin tsokarsu, wato sinadarin da jiki da kansa yake saki a lokacin alaji, kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da shi. Aka yi mini gwaji, ba ni da komai. Shin ba zai yiwu irin wannan ne ya same ta ba?

Hadiza:
Na gode, Malam Bashir, na kuma so a ce hakan ne. Sai dai duka karo biyun tare da maigidana da yarana uku muka ci daga tukunya ɗaya, babu wanda ko tari ya yi, kuma kifin na biyu ba irin na farko ba ne. Ban ji wani baƙon ɗanɗano ba, ban kuma yi ciwon kai ba.

Dakta Aminu:
Tambayar Malam Bashir ita ce irin wadda likita yake fara yi, kuma amsar da kika bayar ta karkata al'amarin zuwa ga alaji na gaskiya: ke kaɗai cikin mutum biyar, nau'in kifi biyu, cikin mintuna, kuma a fata da leɓe. Wannan ya sha bamban da abin da mutane da yawa suke kira alaji bayan sun yi jinyar Helicobacter, wato kumburin ciki da yawan gyatsa idan sun sha madara ko sun ci abu mai maiƙo. Wancan matsalar narkewa ce, garkuwar jiki ba ta da hannu a ciki, kuma ba ya kisa. Rabin ruɗanin da ake yi a kan wannan batu daga haɗa waɗannan biyun a ƙarƙashin suna ɗaya yake tasowa. Alajin kifi da na jatan lande kuma suna cikin waɗanda sukan fara bayyana bayan mutum ya girma, har ga wanda bai taɓa ciwon ciki ba, don haka zancen dacewa da kika fara yi bai mutu ba tukuna.

Abin da za a yi miki shi ne gwajin fata, inda ake ɗiga ruwan furotin ɗin a hannu a ɗan tsaga fatar a jira minti 15, ko gwajin jini na IgE ga kifi. Ki sani cewa gwajin ya nuna alama ba shi kaɗai ne hukunci ba, domin mutane da yawa suna da IgE ga abincin da suke ci lafiya lau, kuma wannan ya shafi waɗancan manya 152 da Malama Zainab ta ambata ma. Sai an haɗa shi da labarin abin da ya faru. Idan aka yi kokwanto, ana ba mutum abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, likita yana tsaye da kayan ceto. Ki kuma tambayi likitan game da allurar adrenaline, ta ceton gaggawa idan alaji ya yi tsanani, da za ki riƙa yawo da ita. Idan wata rana kika ji maƙogwaro yana shaƙewa, ko murya ta dishe, ko numfashi yana fita da ƙyar, ko jiri ya ɗebe ki, maganin ƙaiƙayi ba zai wadatar ba, adrenaline ce a cinya nan take, sannan asibiti.

Hajiya Saude:
Dakta, ka ja kunnen mutane a kan ɗaya gwajin. Bayan na gama nawa maganin na wannan ƙwayar cuta, wani ɗakin gwaji ya ɗebi jinina ya ba ni takarda mai launi-launi, an ja jan layi a kan abinci ashirin da wani abu, har da alkama da ƙwai da tumatir. Na yi wata huɗu ina ƙaurace musu, na rame har zobena yana zamewa daga yatsa, ciwon kuma yana nan.

Dakta Aminu:
Wannan gwajin IgG ne, Hajiya, wani makamin garkuwar jiki ne daban da IgE, kuma ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka sun daɗe da cewa kada a yi amfani da shi wajen gano alajin abinci. IgG yana nuna abin da mutum ya saba ci ne kawai, shi ya sa jan layin yakan faɗa kan abincin da kika fi so. Ciwon da bai tafi ba kuwa, abin tambaya shi ne ko an tabbatar ƙwayar ta mutu, domin ta fara jure wa clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan da ake kashe ta da su, a ƙasashe da yawa, kuma zagayen farko na magani yakan gaza a wasu mutane. Malama Hadiza, ke ma an sake gwada ki bayan kin gama?

Hadiza:
Ba a sake ba, Dakta, kuma ba a ce mini in koma ba. Sannan sai na faɗi gaskiya tunda Zainab ta taɓo wurin: har yanzu ina shan omeprazole sau uku ko huɗu a mako idan ƙwannafi ya taso. Zan iya zuwa gobe a yi mini gwajin bayan gidan?

Zainab:
Gobe ya yi kusa, Yaya. Omeprazole yana danne ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba, sai gwaji ya nuna babu alhali tana nan. Ana buƙatar mako biyu ba tare da shi ba kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, da kuma aƙalla mako huɗu bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke kin riga kin cika. Kada ki yarda a yi miki na jini, domin yakan ci gaba da nuna alama tsawon lokaci bayan ƙwayar ta mutu. Idan kin daina, ƙwannafin zai iya tasowa da ƙarfi a kwanakin farko, saboda tumbin da aka daɗe ana dannewa yakan rama, kuma a nan ne mutane suke komawa su ce ba za su iya rayuwa ba sai da shi. Ki gaya wa likitanki ya ba ki maganin ruwa mai kwantar da asid na ɗan lokaci wanda ba shi da sinadarin bismuth a ciki, domin shi ma yana danne ƙwayar. Zancen ganin likitan alaji kuwa ba ya jiran waɗannan makonni biyu, sai dai ki tuna ki sanar da shi idan kina shan maganin ƙaiƙayi, domin shi ma yana ɓata gwajin fata, za a ce ki dakatar da shi na wasu kwanaki kafin ranar.